Taswirar tafiyar keke: inda ake samunta da yadda ake ajiye ta. Tambayoyi da amsoshi

Mai mota yana tambayar taswira abu ɗaya ne: wace hanya ce ta fi sauri? Mai keke kuwa tambayoyinsa da yawa. Kwalta ce ko yashi? Hawan nan, zan iya shi da kaya a baya? Manyan motoci na bin wurin? Idan sabis ya ɗauke a tsakiyar daji, me zan gani a wayata? Ga tambayoyin da masu shirin doguwar tafiya a keke suka fi yi, da amsoshinsu.

Ina da Google Maps a waya. Me zai sa in nemi wata taswira?

Google Maps ta iya nemo shago, masauki da adireshi, kuma hotunanta na sama suna da amfani ƙwarai wajen shiri. Tun 2010 ta fara ba masu keke kwatance a Amurka, daga baya ta faɗaɗa zuwa wasu ƙasashe, amma har yau ba ko'ina ake samun wannan ba. Babbar matsalarta ga mai keke ita ce: idan ka ajiye wani yanki a waya don amfani ba tare da intanet ba, kwatancen mota kawai za ta ba ka. Na keke da na ƙafa sai da data. Ga shi kuma ba ta cika nuna irin ƙasar hanya ba, ƙananan turbobi ma da yawa ba sa fitowa a cikinta. A riƙe ta a matsayin mataimakiya, amma kada a ɗora mata tafiyar gaba ɗaya.

To wace taswira masu keke suka fi dogara da ita?

OpenStreetMap, wadda ake taƙaitawa da OSM. Steve Coast ne ya kafa ta a Ingila a 2004, kuma 'yan sa-kai ne ke zana ta, kowa na ƙara abin da ya sani game da yankinsa. Abin da ya bambanta ta shi ne ba zane kawai take ajiyewa ba. Kowace hanya tana ɗauke da bayanai a jikinta: ko kwalta ce ko tsakuwa, ko an yarda keke ya bi, ko hanya ce mai bi ɗaya, ko akwai gada ko kuwa sai an ratsa ruwa. Har famfon ruwan sha da shagon gyaran keke ana sa musu alama.

Idan ka buɗe shafin openstreetmap.org, akwai maɓallin sauya fuskar taswira a gefe. Biyu daga cikin fuskokin na masu keke ne, CyclOSM da Cycle Map. Bayanan ɗaya ne, zanen ne ya bambanta: suna fito da hanyoyin keke da launi mai ƙarfi, su kuma nuna tudu da kwari.

Sai dai a san abu ɗaya tun da wuri. Da yake aikin sa-kai ne, kyawun taswirar ya danganta da yawan masu zana ta a wurin. A Jamus ko Holand za ka tarar har bencin zama an sa. A wani yankin kuwa babbar hanya kaɗai za ka gani, sauran fili fetal. Fili a taswira ba ya nufin babu hanya a ƙasa, yana nufin ba a kai ga zana ta ba tukuna.

Manhajojin sun yi yawa. Wacce zan ɗauka?

Kusan dukkansu daga rijiya ɗaya suke ɗiba, wato OSM. Bambancin yana wajen yadda suke zaɓar hanya da yadda suke ajiye taswira.

Don zama a gaban kwamfuta a tsara hanya, akwai Komoot, Ride with GPS, cycle.travel da BRouter. Komoot tana nuna rabon kwalta da wanda ba kwalta ba a hanyar da ta zaɓa. Ita cycle.travel ta fi kowa gudun hanyoyi masu cunkoson mota, amma ba duk duniya ta rufe ba. BRouter ba shi da ado ko kaɗan, sai dai yana barin ka ka faɗa masa irin kekenka da yadda kake ƙin hawa, kuma ba ya neman ka buɗe asusu.

Don ɗauka a aljihu, OsmAnd da Organic Maps. Organic Maps mai sauƙi ce, kyauta ce, babu talla, wanda bai taɓa riƙe irinta ba zai gane ta cikin 'yan mintuna. OsmAnd kuwa maɓallanta sun yi yawa har su ba mutum haushi a ranar farko, amma babu abin da ba ta nunawa, ciki har da yi wa hanya launi gwargwadon irin ƙasarta. OsmAnd ta kyauta tana iyakance yawan taswirorin da za ka sauke.

A ganina, mai farawa ya tsara hanya a kwamfuta da ɗaya daga cikin na farkon, ya bi ta a waya da Organic Maps. In tafiyar ta fara nisa da kwalta, lokacin koyon OsmAnd ya yi.

Na ajiye hanyata a manhaja. Ashe ba shi ke nan ba?

A nan mutane suka fi faɗawa rami. Taswira daban, hanya daban. Taswira ita ce shimfiɗar ƙasa baki ɗaya: garuruwa, koguna, duk hanyoyin da ke yankin. Hanyarka kuwa layi ɗaya ne da ka ja a kanta. Manhajoji da yawa idan ka danna maɓallin ajiyewa, layin suke ajiyewa a asusunka na intanet, ba a cikin wayar ba. Ranar da sabis ya ɗauke, ko dai ka kasa buɗe shi sam, ko ka buɗe ka ga layi yana yawo a kan allo fari, babu gari babu mararraba.

Wasu kuma suna sauke siririn yanki ne kawai a gefen layin, dama da hagu. Muddin kana kan hanyar lafiya lau. Amma da zarar ka tarar gada ta karye, ko sarƙar keke ta tsinke kana neman gari mafi kusa, ka fita daga abin da wayar ta sani. Shi ya sa ake son abu biyu a waya, kowanne da kansa: taswirar dukan yankin, jiha ko lardi guda, sannan fayil ɗin hanyar.

Mene ne GPX da ake ta ambata?

Shi ne fayil ɗin hanyar. Kamfanin TopoGrafix ya fito da tsarin a 2002, kuma ya zama yaren da kusan kowace manhaja da na'urar keke ke ji. Rubutu ne zalla, jerin lambobin wuri ɗaya bayan ɗaya, don haka ba shi da nauyi, ana iya tura shi ta imel ko WhatsApp.

Abu uku yake iya ɗauka. Akwai wuraren da ka sa wa alama, kamar inda za ka kwana ko ka sami ruwa. Akwai hanya mai 'yan tashoshi kaɗan, wadda manhaja ke cike tsakaninsu da nata lissafin. Akwai kuma sawu, wato ɗigo-ɗigo masu yawa da ke bin kowace kwana daidai yadda aka zana. Idan an ba ka zaɓi lokacin fitar da fayil, ɗauki sawu. Dalili kuwa, irin na biyun kowace manhaja yadda ta ga dama take cike shi, sai ka ga hanyar da ka ɓata dare kana kauce wa babban titi an mayar da kai kansa.

Za ka kuma ci karo da FIT da TCX, waɗanda na'urorin keke na kamfanin Garmin ke amfani da su, da KML na Google Earth. In kana shakka, GPX.

Yaya ake ajiye taswirar a aikace?

A gida, a kan intanet mai ƙarfi, ba a safiyar tafiya ba. Buɗe manhajar, nemo jerin ƙasashe, sauke yankin da za ka bi da kowane yanki da hanyar ta kusanci iyakarsa. Wannan na ƙarshen ana yawan manta shi: hanya na iya leƙawa cikin lardin maƙwabta na 'yan kilomita, taswira ta yanke a nan. Sannan ka shigo da fayil ɗin GPX, ka tabbata ya hau kan taswirar daga farko har ƙarshe.

Sai gwaji, wanda shi ne ya fi duk sauran muhimmanci. Sa wayar a yanayin jirgin sama, rufe manhajar gaba ɗaya, sake buɗe ta. Matso da tsakiyar hanyar sosai ka ga ko ƙananan turbobi da sunayen ƙauyuka suna fitowa. Nemi wani gari da suna. Ce mata ta lissafa maka sabuwar hanya daga wani wuri zuwa wani. Duk abin da ta kasa yi a ɗakinka, ba za ta yi shi a daji ba.

Fayil ɗin kuma kada ya zauna a cikin manhaja ɗaya tak. Ajiye kwafi a ma'ajiyar wayar, ka tura wa abokin tafiya wani.

Zai cinye mini wuri a waya?

Ba sosai ba. OsmAnd da Organic Maps ba hotuna suke ajiyewa ba, bayanan layuka ne da wayar ke zanawa da kanta, don haka yanki mai faɗi yana shiga wuri kaɗan. Hotunan tauraron ɗan'adam ne masu cin wuri.

GPS yana aiki babu data?

Yana yi. Wayar sauraro kawai take yi, ba ta aika komai. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma da zarar waya ta ji huɗu daga cikinsu za ta iya lissafa inda take. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da Galileo na Turai, GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. Abin da data ke yi shi ne hanzarta kamun farko. In babu ita, wayar na iya ɗaukar 'yan mintuna kafin ta gane wurin, musamman idan ta daɗe a kashe ko an yi nisa da inda ta kama na ƙarshe. Tsaya a fili ka ba ta lokaci. Cikin kwazazzabo, ƙarƙashin manyan itatuwa ko tsakanin dogayen benaye, ɗigon na iya kaucewa kaɗan.

Ta yaya zan san hanya za ta biyu da keke kafin in je?

Da idanu uku, ba ɗaya ba.

Na farko bayanan OSM. Masu zana taswira suna rubuta irin ƙasar hanya, kuma hanyoyin gona da na daji suna da daraja daga 1 zuwa 5: ta 1 mai tauri ce, ta 5 kuwa ƙasa ce mai laushi, ciyawa ko yashi. Mai siririyar taya ya tsaya a 1 da 2. Amma ka kula da yankin da manhaja ta ce ba ta san irin ƙasarsa ba. Wasu manhajojin idan ba su sani ba sai su yi zato daga girman hanyar, su ba ka zaton kamar tabbas.

Na biyu hoton sama. Matso da shi a wuraren da kake shakka. Hanya baƙa mai gefe a miƙe galibi kwalta ce. Wadda ta yi fari, ta rarrabu gida-gida sannan ta sake haɗewa, alama ce ta yashi ko laka, domin masu wucewa ne ke kauce wa wuri mai wuya. Inda hanya ta haɗu da kogi, duba da kyau ko akwai gada. Ka tuna hoton na iya yin shekaru, kuma an fi ɗaukarsa lokacin da babu gajimare, wato rafin da ka gani a bushe ba lallai ka same shi haka ba. Google Earth na kwamfuta yana nuna ranar ɗaukar hoton.

Na uku hotunan ƙasa, Street View ko Mapillary, inda akwai su. Gani ya kori ji. A nan ne za ka ga faɗin kafaɗar titi da irin motocin da ke binsa, abin da babu taswirar da ke faɗa sosai.

Hawa da gangara fa? Yaya ake karanta su?

Nisa kaɗai ba ya gaya wa mai keke komai. Kilomita 60 a shimfiɗe da kilomita 60 cikin duwatsu ba rana ɗaya ba ce. Kowace manhajar tsara hanya tana zana hoton hawa da sauka a ƙasan taswira, tare da jimillar mitocin da za ka hau.

Tsananin hawa da kashi cikin ɗari ake auna shi. Kashi 5 na nufin kana hawa mita 5 a kowace mita 100. Kashi 2 zuwa 3 za ka ji shi a ƙafa amma ba zai hana ka hira ba. Kashi 6 mai tsawo aiki ne. Daga 10 zuwa sama, mai kaya a keke yakan sauka ya tura, kuma babu abin kunya a ciki.

Matsakaicin lissafi yana yaudara. Hanyar kilomita 10 mai hawan mita 300 za a ce maka kashi 3 ce. Tana iya zama hakan tun daga farko har ƙarshe, tana kuma iya zama kilomita 7 a shimfiɗe sannan kilomita 3 masu kashi 10. Saboda haka ja yatsa a kan hoton hawan ka nemo wurin da ya fi tsanani, ka kuma duba a wane lokaci na yini za ka iso shi. Hawan da za ka yi da safe da ƙarfinka ba ɗaya yake da wanda zai tare ka da la'asar ba.

A kan taswirar kanta, layukan tsayi ne ke ba da labari. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya. Inda suka matsu, wurin a tsaye yake. Inda suka ware, sauƙi. Hanyar da ke tafiya a gefensu ba ta hawa sosai, wadda ke yanka su kai tsaye ita ce mai wuya. A wasu manhajojin layukan nan daban ake sauke su, don haka ka duba a gwajin da ka yi babu intanet.

Manhajoji biyu sun ba ni jimillar hawa daban a hanya ɗaya. Wacce ta yi ƙarya?

Babu. Tsayin ƙasa ba daga OSM yake zuwa ba, daga wasu ma'aunai ne daban. Wanda aka daɗe ana amfani da shi shi ne SRTM, awon da kumbon Endeavour ya yi da na'urar rada a Fabrairun 2000, inda aka raba doron ƙasa gida-gida, kowane gida kusan mita 30. Hanya kuwa ba ta kai faɗin haka ba. Idan ta bi gindin dutse, ko ta haye gada, ko ta shige ramin da aka huda cikin tsauni, lissafin na iya ɗauka ka hau dutsen ko ka gangara cikin kwarin. Kowace manhaja da yadda take goge irin wannan kuskure. Riƙe manhaja ɗaya wajen kwatanta hanyoyi, da sannu za ka san abin da mita 500 ɗinta ke nufi a ƙafarka.

Ba zan iya ɗaukar hoton allo kawai ba, ko in buga a takarda?

Hoton allo ya fi babu, amma ba ya nuna inda kake, kuma in ka matso da shi sai ya dushe. Takarda kuwa tana da daraja har gobe, tunda ba ta mutuwa da caji kuma ba ta fashewa in ta faɗi. Abin lura shi ne ma'auni. A 1:50,000, santimita 2 kilomita ɗaya ce, takardar A4 za ta ɗauki kusan kilomita 10 da 15, wato mai keke zai ƙetare ta cikin awa guda ko ƙasa da haka. A 1:100,000, santimita ɗaya kilomita ɗaya ce, kuma wannan ya fi dacewa da doguwar tafiya. Sai a buga wurare masu rikitarwa kaɗai da babban ma'auni, kamar shiga gari da fita. Shafin Field Papers na yanka yanki zuwa shafuka don bugawa. A sa takardun a leda.

Halal ne in sauke taswirar in raba wa wasu?

Bayanan OSM suna ƙarƙashin lasisin ODbL tun 2012: kana iya kwafa, bugawa da rabawa, da sharaɗin ka ambaci masu ba da gudummawar OpenStreetMap. Abin da aka hana shi ne sa wata manhaja ta yi ta kwasar hotunan taswira dubbai daga shafinsu, domin injinan da gudummawa ake riƙe su. Mai son bayanan ƙasa guda ya je shafin Geofabrik, inda aka yanka su ƙasa-ƙasa don saukewa. Taswirar Google kuwa mallakar kamfani ce, ajiyewarta sai ta cikin manhajarsu.

Zan iya bin hanyar da wani ya riga ya bi?

Sau da yawa ma ya fi. Akwai hanyoyin da hukumomi suka tsara suka sa wa lamba, irin EuroVelo mai ratsa Turai, ko tsarin mararraba masu lamba na Beljiyam da Holand, inda jerin lambobi a ɗan guntun takarda ya isa ya kai ka. Shafin Waymarked Trails yana nuna irin waɗannan hanyoyi a duk inda aka shigar da su OSM, kuma ana sauke GPX daga can.

Fayil ɗin da wani mutum ya ɗora kuwa, duba shekararsa da irin keken da ya hau. Abin da mai keken dutse marar kaya ya kira hanya mai daɗi zai iya zame maka yinin turi. Taswirar zafi ta manhajar motsa jiki ta Strava, mai haska inda mutane suka fi bi, tana tabbatar da cewa hanya na biyuwa, amma da yawa daga cikin masu ɗora sawunsu 'yan tsere ne da ba sa tsoron babban titi.

In kai ne mai ɗorawa, ka tuna sawunka daga ƙofar gidanka yake farawa. A farkon 2018 an gano cewa taswirar Strava ta fallasa fasalin wasu sansanonin soja, saboda sojojin na motsa jiki da na'urorinsu a kunne. Yanke farkon sawun da ƙarshensa kafin ka saki, ko ka kunna saitin ɓoye kewayen gida.

Caji fa?

Allo ne ke shan batir, ya fi GPS nesa ba kusa ba. Kashe shi, ka bar murya ta riƙa faɗa maka kwana, ko ka kunna shi a mararraba kawai. Inda sabis ke da rauni sa yanayin jirgin sama, domin neman sabis ma na zuƙe caji. Waya a kan kan keke cikin rana tana zafi har ta rage haske ko ta kashe kanta, don haka jaka ko aljihu sun fi mata. Ɗauki batirin ko-ta-kwana da igiyarsa.

Na je na tarar taswira ta yi kuskure. Me zan yi?

A wurin, yarda da idonka da mutanen da ka tarar, ba da layin ba. In taswira ta ce miƙe, ƙasa kuma ta ce ruwa, koma ka zaga, ai shi ya sa ka sauke dukan yankin.

Bayan ka dawo, gyara ta. A shafin OSM kowa na iya barin ɗan rubutu a daidai wurin, ko da ba shi da asusu: gada ta karye, an zuba kwalta, an rufe hanyar da shinge. Mai asusu yana iya gyarawa da kansa, manhajar StreetComplete ta Android kuma tambayoyi take yi maka kana tafe, irin su wace ƙasa ce a wannan hanya, kai kuma ka zaɓi amsa. Doka ɗaya ce ba a sassauci a kanta: abin da ka gani da idonka ko sawun da ka ɗauka za ka shigar, ba a kwafowa daga Google ko wata taswira mai mallaka. Gyaran yana bayyana a shafin cikin ɗan lokaci, amma manhajojin waya sai sun fitar da sabon zubi, galibi bayan 'yan makonni, don haka ka sabunta taswirar da ke wayarka kafin kowace tafiya.